Na biya a ɗaga shagona a Google, ga abin da na gani bayan wata bakwai

Wata bakwai kenan da na tura wa wasu yara kuɗi ta MoMo don su yi min wannan aikin da suke kira SEO, wato a gyara maka harka yadda in mutum ya nemi irin kayanka a Google kai zai fara gani, kuma tun lokacin duk wanda na haɗu da shi a bes ɗin ataya ko bayan sallar Juma'a sai ya ce "Masta, abin nan naka ya yi kuwa?" Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunansu ba, yara ne masu neman na kansu, kuma ba duka suka ɓata ba.

Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi. Ina ɗinka kaftani da babbar riga amma abin da aka fi sanina da shi shi ne batakari, rigar saƙin nan da mutanen arewacin Ghana ke ce wa fugu, a Turance kuma smock, saƙin nake sarowa daga Daboya da Tamale in haɗa a nan. Shekara da shekaru kasuwata ta baki ce, wannan ya gaya wa wancan, sai ɗan status na WhatsApp da yaran shago ke saka min. Abin da ya tayar min da hankali wani bawan Allah ne da ya zo hutun Sallah daga Jamus, ya ce min kwana biyu yana duba waya yana neman mai batakari a Kumasi, shagunan Adum kawai yake gani, har ya saya ɗaya a can kafin gwaggonsa ta kwatanta masa wurina. Ya nuna min wadda ya saya. Wallahi ɗinkin ko yaron shagona mai shekara biyu da fara koyo ba zai miƙa min shi ba. Ranar ban yi barci da daɗi ba.

To yaran nan suka zo shago su biyu da laftof, suka ce sidi 1,800 na farawa, sannan 400 duk wata. A ciki za su buɗa min shafi na shago a intanet, su sa ni a taswirar Google, su kuma riƙa rubuta bayanai huɗu duk wata a shafin. Babban cikinsu ya ce "Baba, kwana talatin kana lamba ɗaya." Na yarda, don ban san komai ba. Daga baya ne ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ya nuna min cewa Google da kansu sun rubuta ƙarara babu wanda zai iya lamunce maka lamba ɗaya, duk wanda ya yi maka wannan alkawarin ka yi hattara da shi. Da na sani ƙeya ce.

Bari in fara da inda suka yi ƙoƙari don kar in ci haƙƙinsu. Sa shagon a taswira, wato Google Business Profile, shi ne abu mafi amfani a duk kuɗin da na kashe, abin dariyar kuma shi kyauta ne, ko kwabo Google ba sa karɓa, da can sunansa Google My Business kafin a canja a 2021. Amma kyauta ɗin ba ta nufin da ni kaɗai ne zan iya. An nemi mu tabbatar da shagon na gaske ne ta hanyar ɗaukar bidiyo, a nuna titi, a nuna allon shago, a nuna kayan aiki, a ga kai ne mai buɗe wurin. Ni kuwa allona iska ta cire shi tun daminar bariya, ban damu in mayar ba tunda kowa ya san ni. Sai da na je aka rubuta sabo, muka kafa, sannan ƙaramin yaron ya riƙe waya ya taho tun daga bakin titi bai yanke ba, ya shigo lungu, ya nuna allo, na sa makulli na buɗe ƙofa, ya nuna kekuna uku da tarin saƙi a kan benci, har da almakashina da ke rataye a ƙusa. Bayan 'yan kwanaki aka amince. Sai kuma maganar alamar wurin, farko ta faɗi can wajen kwata bayan gidajen mutane, suka zauna da adireshina na GhanaPost GPS, wannan da aka kawo a 2017 muka yi ta raina shi, suka ja alamar har ta tsaya daidai ƙofata. Yanzu mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, yana kawo min baƙo har bakin shago, ba sai na tura yaro ya tsaya a titi yana ɗaga hannu ba. Wanda ya san lungunan Aboabo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sun kuma rage nauyin hotuna. Ni da na ɗauka in hoto ya fi girma ya fi kyau, ashe shafi sai ya yi ta juyi bai buɗe ba, mutum kuma datarsa yake kallo, ya fita abinsa. Wannan sun gyara, yanzu ko a ƙaramar waya yana buɗewa da wuri.

Ranar da kwana talatin suka cika babban ya zo da murmushi, ya tsaya tsakiyar shagona ya nema a wayarsa, sai ga ni a sama. Na yi murna har na saya musu shinkafa da wake. Kwana biyu bayan nan na je ta'aziyya Tafo, na ce bari in yi wa mutane burga, na ciro waya na nema, sai na gan ni can ƙasa. Na kira ƙanina a Nima can Accra na ce ya duba, ya ce Yaya ni ban ga komai ba. Ashe a ɓangaren taswira abu uku ake dubawa, dacewar shagonka da abin da mutum ya rubuta, da kusancinsa da kai, da kuma yadda aka san ka, to in kana tsaye cikin shagonka ai dole kusanci ya ba ka nasara. Ba ƙarya ya yi min kai tsaye ba, amma ya san abin da yake yi da ya zaɓi wurin tsayawa.

Inda muka ɓata sosai shi ne rubutun wata-wata. Ni Turancina na kasuwa ne, ban taɓa zama na karanta ba, ina dai biya. Sai da ɗan ƙanwar nan tawa ya zo hutu ya karanta min yana fassarawa, yana dariya har da riƙe ciki. Kusan kowane layi sai an cusa "best smock in Kumasi", kamar mai tallan magani a mota. Wani wuri an ce batakari saƙar Asante ce kamar kente, alhali ko yaro ya san daga arewa take. Wani wurin kuma, wannan shi ya fi ƙona min rai, an ce a jefa ta a injin wanki da ruwan zafi. Saƙin Daboya mai shuni a ruwan zafi! Da sunana a sama! Da wani ya bi wannan maganar rigarsa ta zuba ta ƙanƙance, wa zai zaga in ba ni ba? Na tabbata ba hannun mutum ya rubuta ba, na'ura suka sa suka kwafo ba su ko duba ba. Da na yi wa babban cikin yaran magana sai ya juyo min da laftof yana nuna min wata koren alama ta wani abu da ake kira Yoast a WordPress, wai kore na nufin rubutun ya yi. Na ce masa yaro, ita koren alamar ta taɓa wanke batakari?

Sannan suka kawo tayin wai in ƙara kuɗi su zuba min yabo hamsin na tauraro biyar-biyar daga mutane daban-daban. Na ce su waye mutanen, ya ce kar in damu. Na ƙi. Na farko dai ha'inci ne, ba shi da maraba da mai algus a mudu, na biyu dokar Google ta hana sayen yabo, suna iya gogewa ko su taɓa maka shafin gaba ɗaya. Abin da nake yi yanzu, in mutum ya karɓi ɗinkinsa ya sa ya tsaya gaban madubi yana juyi, lokacin nake cewa Alhaji in ka ji daɗi ka ɗan rubuta mana kalma biyu. Wasu su rubuta wasu su manta. Guda ɗaya ma ya ba ni tauraro uku don na saɓa masa alkawari da kwana huɗu ana gab da Sallah, gaskiyarsa ce, na amsa masa a wurin na ba shi haƙuri, na bar shi yana nan.

Abin da ya juya min harkar ba ya cikin abin da na biya. Ɗan ƙanwar nan tawa ya ce Kawu, sun haɗa maka Search Console kuwa? Ashe sun haɗa, ba su dai taɓa nuna min ba. Shi ma kyauta ne, kuma yana nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa aka gan ka, sau nawa aka danna. Na zauna a kan benci ina kallo kamar an buɗe min aljihun kwastoma. Ni duk rayuwata batakari nake cewa, amma a nawa lissafin mafi yawa smock suke rubutawa, sai fugu, batakari na can baya. Kuma ba "wa ya fi iya ɗinki" suke tambaya ba, tambayarsu yaya ake wankewa, nawa ne kuɗinta, yaya ake gane ta hannu da ta inji. Tambayoyin da nake amsawa a bakin teburin yanka kullum ta Allah, kyauta, har bakina ya gaji.

Sai muka goge shirmen nan duka. Muka koma ni in yi magana da Hausa a saƙon murya da dare bayan na rufe shago, shi ya juya ta Turanci ya sa Hausar a ƙasa. Na farko kan wanki ne: ruwan sanyi, ita kaɗai ba a haɗa ta da fararen kaya, kar a jiƙa ta ta kwana, kar a murɗe da ƙarfi, a juya bayanta a shanya a inuwa. Na biyu yadda ake gane saƙin hannu, na ce a juya cikin rigar a duba, ƙyallayen sirara ne faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, an harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, za ka ga layin haɗin, kuma zaren bai cika zama daidai sak ba kamar na inji, muka ɗauki hoton cikin rigar kusa-kusa da yatsana a kan haɗin. Na uku yadda wanda ke waje zai auna kansa ya turo, kafaɗa, tsayi, da faɗin wuya don kai ya shiga, don na sha ɗinka riga mai kyau ta ƙi wuce kan mai ita. Na huɗu yaron ne ya matsa, wai a sa tarihi, cewa fugu ce a jikin Kwame Nkrumah da abokansa daren da aka yi shelar 'yancin Ghana a Old Polo Grounds a Ankara, wato Accra, 6 ga Maris 1957. Wannan ya fi kowanne daɗin karantawa amma gaskiya shi ya fi ƙarancin kawo ciniki, 'yan makaranta ne ke shigowa su kwafa su tafi.

Ba dare ɗaya abin ya motsa ba, an fi wata biyu shiru kamar an shuka dusa. Sai wata ranar Talata ina cikin yanka waya ta yi ƙara, wata mata ce daga Bronx a Amurka, Hausarta ta Zongo tsaf, ta ce ta karanta bayanin wanki ne don rigar mijinta ta zuba, sai ta ga na awo, tana son guda uku na ɗaurin auren ƙaninta. Ta turo awo daidai yadda na kwatanta, ko gyara ban yi ba. Daga nan ake ɗan samu, ba ruwan sama ba, wani satin kira biyu wani satin babu, amma masu kiran sun riga sun san abin da suke so, ba a doguwar jayayya kan farashi.

Rigima ta ƙarshe da na ce na daina biyan na wata. Sai a lokacin na gano sunan shafin da sunansu suka yi rajista, da imel ɗinsu, ni mai shago baƙo ne a gidana. Sati biyu ina kira ana ce min gobe, sai da na haɗa da wani dattijo da ya san mahaifin ɗayansu sannan aka miƙo min lambobin sirri aka mayar da komai sunana. Duk wanda zai ba da irin wannan aikin, tun ranar farko a buɗe da imel ɗinka da lambar wayarka, kana zaune a wurin, shi a ƙara shi a matsayin mai taimako kawai.

In tauraro ne, uku nake ba su cikin biyar. Na farawan nan 1,800 ban yi da-na-sani ba, taswira da hotuna da shafin sun biya kansu. Na wata-wata kuwa sau huɗu na biya, sidi 1,600 kenan, da saƙi na saro da su da ya fi min. Wanda ke da ɗa ko ƙane mai ɗan ilimin waya, rabin aikin nan za su iya a gida.

Yanzu yaron ya koma makaranta, yana bina bashin saƙon murya kan yadda ake ninke batakari a akwati kar ta yamutse, sati uku kenan ina cewa yau da dare, ga ɗinkin biki goma sha ɗaya a rataye ban taɓa ba.