Plaza mai gilashi ko mai baranda da sola: wacce ta fi riƙe 'yan haya?

Alhaji, ka ce za ka gina plaza mai hawa biyu a Kano, kana wasiwasi tsakanin wadda ake lulluɓe gabanta da gilashi irin na Abuja da wadda ake yi wa baranda da rufi mai tare zafi, a ɗora sola a sama.

Gilashi ya fi ɗaukar ido, babu musu. Banki da kamfanin waya suna son sa, dillali ma yana samun abin nunawa. Amma ka shiga irin wannan gini da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, musamman idan yamma yake kallo. Na taɓa zama a ofishin wani abokina: esi biyu na ta aiki, an manna baƙar leda a gilashin, an saki labule, sannan an kunna ƙwai da rana tsaka saboda duhu. Gilashin da aka zuba wa kuɗi ya koma abin rufewa. Ga ƙurar hunturu, kullum sai an nemi mai gogewa.

A da ana iya jure wannan, don wuta da mai suna da sauƙi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A (rukunin da aka fi ba wuta a rana) zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafi ya canza. Yanzu mai neman shago kafin ya tambayi kuɗin haya sai ya tambayi yadda wuta take, da nawa ake haɗawa na man janareta.

Nan ɗaya ginin yake cin riba. Baranda tana hana rana dukan bango da taga kai tsaye, abin tare zafi a ƙarƙashin kwano yana hana hawan sama zama tanda, sai esi ɗaya ƙarami ya wadatar inda da sai biyu. Wannan ne ke rage girman sola da batirin da za ka saya, kuma batir shi ne mai tsadar. Masu ɗora sola a kan gini mai zafi sukan dawo wa janareta, suna cewa sola ba ta ja, alhali ginin ne ke shanye wutar.

Ba kuma sabon abu ba ne a wajenmu: shagunan kasuwar Sabon Gari sun sami sola a ƙarƙashin shirin REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara, kuma tun 2017 Najeriya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin wuta, wadda ta taɓo girman tagogi da rufi. A Legas manyan ofisoshi irin Heritage Place da ke Ikoyi har takardar LEED, wato shaidar gini mai tsimin wuta da kiyaye muhalli, suke nema, don kamfanonin waje suna duba ta. Kai ba ka buƙatar wannan a plazar unguwa.

Ni dai da kuɗina ne, baranda zan yi. Idan ranka na son gilashi, saka shi a gefen arewa ko a shagunan ƙasa da inuwar baranda ta rufe. Kuma tun a zane ka sa injiniya ya ware wurin batir da hanyar waya zuwa rufi, ya ba kowane shago mitarsa, don rigimar rabon kuɗin wuta ta kori ɗan haya fiye da zafi.