Mun yi hutun ƙarshen shekara a cikin RV a filin La Posa na Arizona, ga sharhina

Dala 180 na biya, kuma wannan kuɗin zaman kaka guda ne cur, daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, ba kuɗin wata ɗaya ba. Wanda ba zai daɗe ba akwai na sati biyu dala 40. Farashin kakar 2023 zuwa 2024 kenan, a 2024 hukumar da ke kula da filin ta kawo maganar ƙarin kuɗi saboda haka duk mai niyyar zuwa ya duba sabon farashi kafin ya kama hanya. Wurin sunansa La Posa, filin gwamnatin tarayyar Amurka ne a ƙarƙashin hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati, yana kudu da wani ɗan ƙaramin gari Quartzsite a jihar Arizona, daidai inda babbar hanyar I-10 ta haɗu da hanya mai lamba 95. Faɗinsa ya haura eka 11,000. Ka biya a ƙofa wajen masu aikin sa-kai, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho, su ba ka sitika ka manna, shike nan ka shiga ka zaɓi duk inda ranka yake so ka kafa.

Ni da uwargida a cikin RV muke zaune dindindin, irin wanda ake ja da a-kori-kura, ɗaki ne mai taya da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Aikina ta intanet ne shi ya sa abin ya yiwu. Har yau Umma ba ta yarda lafiya ƙalau muke ba, duk kiran bidiyo sai ta ce in juya wayar ta ga rufin, sannan ta rage murya ta ce "Wai ni kam ko kuɗin hayar ne ya gagara ka faɗa min gaskiya." Na yi bayani har na gaji, a wajenta duk wanda yake kwana a mota to akwai abin da ya koro shi.

To me ake samu da dala 180 ɗin? Fili, famfon ruwan sha, wajen zubar da tankunan ƙazanta, manyan kwandunan shara, da 'yan banɗakunan rami nan da can. Iyakarta kenan. Babu wutar lantarki, babu famfo a gefen motarka, babu kwalta, babu inuwa sai 'yan bishiyoyin palo verde da dogayen kaktus ɗin nan da ake gani a hotunan Arizona. Filin kashi huɗu ne amma ruwa da wajen zubar da tanki ba a kowane kashi suke ba, mu a La Posa South muke samu, saboda haka idan ka kafa nesa don neman shiru to ka sani duk ranar ruwa tafiya ce. Sitikar tana aiki a sauran filayen irin wannan na Arizona da Kalifoniya kamar Imperial Dam da ke kusa da Yuma, ba sai ka sake biya ba. In ka kwatanta da wuraren ajiye RV na 'yan kasuwa masu wuta da ruwa inda ɗaruruwan daloli ke tafiya duk wata, gaskiya araha ce ta ban mamaki, sai dai abin da ba ka biya da kuɗi ba za ka biya da jikinka.

Ruwa shi ne farko. Mu da muke alwala sau biyar da wanke-wanken tukwanen miya ba irin cin ruwan maƙwabtanmu muke yi ba, su faranti na takarda suke amfani da shi su jefar. Dabarar da ta fisshe mu ita ce jarkoki a bayan a-kori-kura, sai in je in ciko in zo in tura cikin tanki da ɗan ƙaramin famfo mai batir, ba sai na ɗaure gidan gaba ɗaya na ja shi ba. Amma tankin banɗaki ba ya jin wannan wayon, in ya cika dole a kwashe komai na kan kanta a naɗe rumfa a ɗaga ƙafafun motar a tafi layi. Da sassafe layin ba shi da tsawo a watan Disamba, amma daga an shiga Janairu jama'a sun fara kwararowa don babbar kasuwar RV da ake ci a garin sai ka ga layi ya miƙe, mutane na zaune a mota suna shan kofi. Safar hannu da tiyo mai kyau kada a yi musu rowa, ba zan faɗaɗa ba saboda masu karatu suna cin abinci.

Abin da ya fi ba ni aiki sanyi ne da batir, kuma su biyun abu ɗaya ne. Mutane na jin hamada sai su ɗauka zafi ne kullum. Da rana a Disamba yanayin daɗi ne da shi, digiri 18 zuwa 20, riga ɗaya ta ishe ka. Amma rana na faɗuwa wajen biyar da rabi sai sanyi ya sauko kai tsaye, kafin asuba ya kai digiri 3 ko 4 wani daren ma ya kusa sifili, kuma bangon RV ba bango ba ne, kamfanin da ya ƙera namu ya rubuta wai na kowane yanayi ne amma in ka jingina bayanka da bangon gado da dare sai ka ji kamar a waje kake. Hitar da ta zo da motar da gas take aiki, to amma fankar da ke hura ɗumin daga batir take shan wuta, kuma tana sha ba kaɗan ba. Ga shi Disamba ne lokacin da rana ta fi gajarta kuma tana tafiya ƙasa-ƙasa ta kudu, farantan solar da ke kwance a kan rufi ba sa samun ta sosai. Wato daidai lokacin da ka fi buƙatar wuta shi ne lokacin da ta fi ƙaranci. Akwai daren da fankar ta tsaya wajen ƙarfe huɗu, fitilar hita tana ƙiftawa, uwargida ta leƙo daga cikin bargo ta ce "Maigida, wannan ma a cikin dala 180 ɗin yake?"

Wani dattijo ɗan Kanada da ke kusa da mu, wanda duk shekara yake gudo wa dusar ƙanƙara, shi ya nuna min nasa tsarin. Farantan sola biyu a ƙasa masu ƙafa, a jingine suna kallon kudu, yana juya su da safe da azahar da la'asar suna bin rana. Na sayi irinsu a cikin gari kuma bambancin a fili yake, kafin azahar batir ya farfaɗo. Sannan muka rage hitar zuwa ƙasa sosai da dare muka ƙara barguna, da robar ruwan zafi a ƙafa, muka liƙa abin tare sanyi mai ƙyalli a tagogi. Gas kuwa a Quartzsite ba matsala ba ne, masu cika silinda suna nan birjik. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, na'urar da ke ƙara in iskar gas mai guba ta taru, a duba batirinta, kuma kada wanda ya kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, mutane na mutuwa ta haka.

Sai tururi. Ranar da uwargida ta tuƙa tuwo da miyar kuka a wannan ɗan kicin ɗin, tagogi a rufe saboda sanyi, kafin mu gama ci ruwa na bin gilashi yana gangarowa har ƙarƙashin katifa ya yi danshi. Tun daga nan duk girki mai tururi a waje ake yinsa kan ƙaramin murhu, ko a buɗe fankar rufi a haƙura da sanyin.

Yanzu bukukuwan kansu, wanda shi ne dalilin rubutun. Mu ba ma bikin Kirsimeti, amma wanda yake zaune a Amurka ya san daga ranar godiya ta Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, har sabuwar shekara ƙasar gaba ɗaya ta canza, shaguna na rufewa, abokan aiki sun ɓace, kowa na maganar iyali. A gidan haya a birni wannan lokacin shi ne mafi kaɗaici a wajena, ƙofa a rufe ba wanda ya san kana raye. A La Posa abin ya sha bamban domin kusan kowa a wurin nesa yake da nasa, wasu 'ya'yansu na can arewa cikin ƙanƙara, wasu mijin ko matar ta rasu, wasu kuma in ka zauna da su za ka gane ba yawon shaƙatawa suke ba, hayar gida ce ta fi ƙarfin fanshonsu. Saboda haka ba a jira gayyata ta musamman, wata tsohuwa ce ta zo ta ƙwanƙwasa ta ce ranar Kirsimeti da rana za a haɗa tebura kowa ya kawo abin da ya dafa da kujerarsa da farantinsa.

Mun kai dafa-dukan shinkafa a babbar tukunya da yaji a gefe. Abin da ya burge ni, tun kafin mu tambaya tsohuwar nan ta ja uwargida ta bi teburin da ita kwano bayan kwano tana nuna mata wanda akwai naman alade da wanda aka sa giya, har waken da ba za ka taɓa zato ba ashe da alade aka dafa shi. Mun ci dankali da masara da kayan zaƙi mun ƙoshi. Yajin kuwa na gargaɗe su amma wani mai gemu har ƙirji ya zuba cokali guda cur a kan talotalonsa, ya yi shiru, fuskarsa ta yi jawur, hawaye na zuba, da ya samu numfashi sai ya tambaya ko za mu sayar masa da kwalba ɗaya. Da dare an hura wuta an zauna hira, itacen ma saye ake yi don an hana tsintar na dajin. Wasu sun naɗa wa motocinsu da bishiyoyi 'yan fitilu masu sola, kafin goma na dare rabinsu sun mutu saboda su ma matsalar batir ɗin ce. Daren sabuwar shekara kuwa yawancin maƙwabta tun tara sun kwanta, tsofaffi ne.

Inda wurin ya gaza min shi ne Juma'a. Masallacin da muke zuwa yana Yuma, wajen kilomita 130 kudu, tafiya da dawowa yini ne da mai mai yawa, ba kowane sati nake iyawa ba kuma abin yana damuna. In mun je sai mu haɗa da sayayya da dabino, yankin Yuma suna noman dabino manya-manya masu laushi. Naman halal mai yawa sai Phoenix, kusan kilomita 200 gabas, mu ciko ɗan firjin iya abin da zai ɗauka. Ƙananan sayayya akwai Blythe a Kalifoniya kusa, ko Parker ta arewa inda akwai babban kantin Walmart. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa ma, kuma tunda wajen sallar a cikin motar ɗan tsukuku ne tsakanin gado da kicin sai da na gyara tsayuwar motar yadda sallaya za ta shimfiɗu daidai. Tsakaninmu da Najeriya awa 8 ne, kiran gida sai da safe.

Wani abin da ban yi tsammani ba, a maƙabartar garin akwai kabarin Haji Ali, wanda sojojin Amurka ke kira Hi Jolly. Mai kiwon raƙuma ne daga yankin daular Usmaniyya, ya zo Amurka a 1856 lokacin da rundunar sojan ƙasar ta gwada amfani da raƙuma wajen dakon kaya a hamada. Shirin ya watse, shi kuma ya zauna a yankin har ya rasu a Quartzsite a Disamban 1902. A 1935 aka gina masa dala ta duwatsu da siffar raƙumi a samanta, kuma har yanzu hoton raƙumi ne alamar garin. Kyauta ne shiga, minti kaɗan daga tsakiyar gari, mun tsaya mun yi masa addu'a.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Iska in ta taso da ƙura sai ka rantse hunturun Kano ne, komai ka goge ya koma, kuma kada ka bar rumfa a buɗe ka tafi gari. Dokar wurin ta ce daga 10 na dare zuwa 6 na safe a yi shiru, amma mun yi maƙwabci mai tsohon janareta da ba ya kallon agogo, maganinsa dai mu muka matsa gaba, fili ba ya ƙarewa. Kada a kafa a cikin busasshen kwari komai kyansa, ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa yana iya saukowa ta nan. Saƙon da 'yar uwar uwargida ta aiko mana da daddawa da kuka, kamfanin aiken ya yi ta yawo da shi sai bayan sabuwar shekara ya iso shagon da ke karɓar mana kaya. Intanet na waya yana da kyau a Disamba amma yana ja da baya in jama'ar Janairu sun cika gari, ni Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, nake aiki da shi, shi ma a lissafa shi cikin masu shan batir.

Mutum biyu masu sola isasshe da motar da za ta ɗebo ruwa, na ce su zo, kuma su iso tun farkon Disamba su kama wuri ba nesa da La Posa South ba amma ba a bakin hanyar layin ruwa ba saboda ƙura. Mai ƙananan yara ko mara lafiyar da ke buƙatar asibiti kusa ko na'urar da ke son wuta duk dare, gara ya biya wurin 'yan kasuwa mai lantarki. Wanda kuma yake shakka ya fara da na sati biyu ya ga yadda batirinsa zai kwana.