Gwajin gadon cutar mantuwa a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan Amurka ana iya auna mutum a gane ko zai gaji mantuwar da ta kama Baba a ƙarshen rayuwarsa. Gwajin yana nan, kuma samunsa ba wuya. Tun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a sayar wa jama'a shi kai tsaye, mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba, ya aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni sakamako ya zo masa ta intanet. A gida kuwa, abin da muka kira gigin tsufa muka yi ta haƙuri da shi, a nan cuta ce mai suna Alzaima, mai asibitinta da likitocinta.

Abin da ake dubawa ƙwayar gado ce mai suna APOE, musamman nau'inta na huɗu. Wanda ya gaji guda daga uwa ko uba, haɗarinsa ya kai ninki biyu zuwa uku, wanda ya gaji biyu kuma ya kai wajen ninki goma, amma duk da haka akwai masu ɗauke da ita da suke tsufa da hankalinsu garau. Gadon da kusan ba ya da makawa shi ne na wasu ƙwayoyin gado daban, APP da PSEN1 da PSEN2, wanda yawanci ke kama mutum tun kafin shekara 65, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba.

Sai dai yawancin alƙaluman nan a jikin Turawa aka samo su. Binciken da aka fara a 1992 a kan tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka ya nuna tasirin nau'i na huɗu na APOE ya fi rauni a wajen Yarbawa, abin da kwalin gwajin ba zai zauna ya fayyace maka ba. Shi ya sa a ganina hidimar da ta fi daraja a nan ita ce ta mai ba da shawara kan gado. Wadda na gani ta zana bishiyar danginmu a takarda, ta tambayi shekarun Baba lokacin da ya fara manta hanyar gida, sannan ta tunatar da ni cewa wata dokar Amurka ta 2008 ta hana inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki nuna bambanci saboda sakamakon, amma ba ta shafi inshorar rai ba.

Magani ma akwai, lecanemab, wanda aka amince da shi a 2023 kan dala 26,500 a shekara. Rage saurin cutar kawai yake yi, kuma waɗanda suka gaji nau'i na huɗu na APOE guda biyu su ne suka fi fuskantar kumburin ƙwaƙwalwa idan aka yi musu shi, har a Ingila ba a ba su.

Ni dai ban yi gwajin ba tukuna. Mai ba da shawarar ta ce in fara da kula da hawan jini da sukari, kuma ina roƙonka ka je a duba naka cikin watan nan.