Man Wardin Ɗa'ifa da Wanda Ake Sayar Mana a Gida

Assalamu alaikum Yaya Hajiya. Ya gida, ya yara, ya kasuwa?

Maganar man wardin da kika ce in nemo miki don haɗin humra, na bi ta har gona. Gonakin suna kan duwatsun Hada da Shafa, kusa da Ɗa'ifa, inda ake sanyi. Sau ɗaya furen ke fitowa a shekara, wajen Maris zuwa Afrilu, kuma da sassafe ake tsinkarsa, don in rana ta ɗaga ƙamshin ya ragu. A ranar ake zuba shi cikin tukwanen tagulla da ruwa, a hura wuta, tururin ya bi bututu ya huce, man ya taso a kan ruwan. Sai an dafa fure tan 3 zuwa 4 kafin a tara kilo ɗaya. Shi ya sa da tola ake auna shi, wato giram 11 da 'yan kai, kuma da yawa kwatan tola kawai suke iya saya.

To Yaya, kwalbar nan cike fal da ake ba mu a gida da araha, a ce wardi ne tsantsa, ta yaya? Ƙamshin sinadari ne aka sirka da wani mai. Yana da ranarsa, amma a kira shi da sunansa. Abin na ci mini rai, don guminki kike biya.

Abin da ya burge ni a nan, mai shagon kirki zai faɗa miki gonar da shekarar girbin, ya ɗiga miki a hannu, ya ce ki zaga ki dawo. Na gaske yana sauyawa a jiki a hankali, kuma in ya ji sanyi sai ya daskare, ɗumin tafin hannu ya narkar da shi. Kada ki ɗauka a nan ba algus, akwai shi sosai, musamman a man oud da ake tallata wa alhazai.

Luban kuwa na Dofar ta Oman suke yabo, alhali itacen ɗan'uwan hanonmu ne, wanda ke tsaye a dazukanmu.

Kwatan tola zan aiko miki. Ki adana shi a kwalba mai duhu, a rufe ruf, nesa da taga da zafin kicin. Ki gaida Inna.