A tsufar da agogon da hannu, ko a sauya masa kaya masu kamar na da?

Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya. Ya ce yana da agogon nutso na kwaikwayo mai siffar Submariner na kamfanin Rolex, sabo fil, ƙyallinsa har ya dame shi, yana so ya koma kamar na shekarun 1960 zuwa 1970. Wasu sun ce masa ya nemi bilic da kofi da samfefa ya yi aikin da kansa, wasu kuma sun ce ya sayo sassan da aka ƙera da kamannin tsufa ya ɗora. Wanne ya fi?

Malam, na bi hanyoyin nan biyu, na kuma ɓata kaya a kowacce. Amma kafin kwatanci, ɗauki agogon naka ka dube shi da kyau, domin yawancin masu wannan aiki launi suke bi, alhali siffa ce take fara tona asiri. Submariner ya fito a 1953, shekarar da kamfanin Blancpain ma ya fitar da nasa agogon nutso, Fifty Fathoms. Samfurin da mutane suka fi zana wa ido in an ce "tsohon agogon nutso" shi ne mai lamba 5513, wanda aka ƙera daga 1962 zuwa 1989. Gilashinsa na roba ne mai tudu, zoben mintocinsa na alminiyam, ƙahonnin da ake maƙala sarƙa sirara ne kuma da huda a gefe, ba shi da tagar kwanan wata. Idan naka kwaikwayon na zamani ne, mai zoben siramik da gilashin safaya shimfiɗaɗɗe da ƙahonni masu kauri, ko ka kwana kana shafa masa kofi ba zai koma na 1968 ba. Sai dai ya zama sabon agogo mai datti.

Mu fara da zoben mintoci, don nan ne aikin hannu ya fi cin nasara. Baƙin da ke jikin zoben alminiyam rini ne da ya shiga cikin ƙananan ramukan da aka samar a saman ƙarfen da wutar lantarki. Rana da ruwan gishiri da gumi suna cin rinin a hankali, shi ya sa tsofaffin zobba suke komawa ruwan toka, wasu su yi shuɗi-shuɗi, masu tara agogo kuma suna ce wa irinsu "fatalwa". Bilic yana yin wannan aikin na shekara talatin cikin ɗan lokaci. Sai ka ciro zoben daga agogon, ka sirka bilic da ruwa, ka tsoma, ka ciro, ka ɗauraye, ka shanya, ka duba. Shanyawar nan ita ce sirrin, saboda jiƙaƙƙen zobe yana nuna ya fi duhu, sai ya bushe ka ga ainihin inda ka kai. Nawa na farko na bar shi ciki na tafi amsa waya, na dawo na tarar da shi fari tas, lambobin da bango sun zama abu ɗaya. Garin neman gira na rasa ido. Kuma zobe biyu da suka yi kama ba lallai su koɗe da sauri ɗaya ba, don rinin ya bambanta. Ka yi aikin inda iska take shiga, kada kuma ka haɗa bilic da wani abu mai tsami, hayaƙin da zai tashi guba ne. Kada ka bar bilic ya taɓa jikin agogon, yana cin ƙarfe ya bar masa ramuka.

Zoben da aka sayo a koɗe kuwa, lafiya lau yake, sai dai koɗewar tasa bai ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar an auna. Na gaske ba haka yake ba, gefen da ya fi gogar hannun riga yakan fi haske. A nan na fi son aikin hannu. Kayan ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran sassa, ka sayi biyu ko uku, ka koyi hannu da na farko. Idan kuwa zobenka siramik ne, babu maganar bilic. An yi shi ne musamman don kada ya koɗe. Sauyawa kawai, in ma za a sami na alminiyam da zai zauna a gurbinsa, don sau da yawa kauri da gangaren ba su zo ɗaya ba.

Gilashi ba ya buƙatar dogon zance. Safaya tana da taurin 9 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, ba ta kuma shigo Submariner ba sai wajen 1979. Babu yadda za a tsufar da ita, sai a cire. Gilashin roba mai tudu shi kaɗai yakan yi rabin aikin gaba ɗaya: yana lanƙwasa lambobin gefe idan ka karkata hannu, yana sassauta hasken da ke sauka a fuskar. Kada ka karce shi da gangan, sati biyu a hannunka zai samo nasa tabon, in ya yi yawa a goge da Polywatch, man goge gilashin roba. Abin lura shi ne awo. Tsofaffin agogon, gilashin yana hawa kan bakin jikin ne wani zobe ya matse shi daga waje, na zamani kuwa ana danna shi ciki a kan roba. Nemi gilashin da aka yi don irin gurbin da kake da shi, a auna da ma'aunin kalifa, ba da ido ba.

Fuskar agogo da fentin da ke haske a duhu su ne inda gardamar take, a nan zan daɗe.

Abin da ya sa tsofaffin ɗigo-ɗigon da ke nuna awa suke komawa ruwan madara ko ruwan zuma shi ne irin sinadarin da aka yi su da shi. Da farko rediyam ake amfani da shi, har zuwa farkon shekarun 1960, daga nan aka koma tiritiyam, shi ya sa za ka ga an rubuta T<25 a ƙasan fuskar. Tiritiyam yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka agogon 1970 yau ba ya haska komai a duhu. Fentin da ɗanƙon da ya riƙe shi sun sha danshi da shekaru, suka sauya launi, wani wurin ya kumbura, wani ya tsage. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma Luminova, wanda ba shi da tururin nukiliya, haske yake sha ya mayar, kuma kusan ba ya sauya launi. Shi ne, ko danginsa, a agogonka. Ka ga ke nan jira ba zai tsufar da shi ba, dole a yi masa kwalliya.

Hanyar hannu iri uku ce da na sani. Akwai shafa kofi ko shayi mai kauri da ɗan siririn buroshi a kan kowane ɗigo. Launin yana da kyau a ranar farko, amma kofi ruwa ne, yana taruwa a gefe ya bar da'ira mai duhu, kuma ko ya bushe, danshi kaɗan ya shiga agogon zai narke ya bi fuskar. Akwai gasawa a cikin tanda da wuta kaɗan. Wannan caca ce: tsakanin "ya fara yin ruwan madara" da "fentin ya yi ƙuraje" ɗan taƙi ne, kuma babu komawa. Wanda zai gwada kada ya yi a tandar da ake girki. Ta ukun ita ce ta masu haɗa ƙananan jiragen wasa da tankoki, wato fenti mai ratsa haske, ruwan ɗorawa da ɗan ruwan ƙasa, a tsinka shi sosai a ɗiga da tsinke. Ita ce na fi amincewa da ita, don kai ke da iko da duhun, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Duk wadda ka bi, hasken dare zai ragu, wanda a gaskiya ya ƙara kama da tsohon.

Sai matsalar da kofi ba ya magani. Fuskokin 5513 kashi uku ne: na farko baƙi mai sheƙi da rubutun ruwan zinariya har wajen 1967, sai baƙi marar ƙyalli da farin rubutu har wajen 1984, sannan mai sheƙi wanda aka kewaye kowane ɗigo da zoben ƙarfe. Kwaikwayon zamani yawanci irin na ukun nan ne. Idan ka rina ɗigon da ke cikin zoben ƙarfe ya yi duhu kamar na 1965, duk wanda ya san agogo zai ga tufafin wani zamani a jikin wani. Ana iya fesa fentin rufi marar ƙyalli daga nesa don a kashe sheƙin, yana ma ba da 'yar tsakuwa-tsakuwar da tsofaffin suke da ita, amma zobban ƙarfen suna nan daram.

Shi ya sa a fuska na fi karkata ga sauyawa. Fuskar da aka buga ɗigonta kai tsaye, marar ƙyalli, ta zo da launin madara, ta fi kusa da asali tun kafin ka taɓa ta. Aibinta biyu. Na ɗaya, launin yakan yi yawa, ya koma kamar kabewa, kuma duk ɗigon iri ɗaya. Manyan kamfanoni ma sun sha suka a kan wannan tun da yayin ya kama, bayan Longines ya fitar da Legend Diver a 2007, Tudor ya biyo da Black Bay a 2012, Oris kuma da Divers Sixty-Five a 2015. Maganinsa ka zaɓi mafi haske, in ya so ka ɗan taɓa ɗigo biyu ko uku da fentin nan don su bambanta. Na biyu, dacewa da inji. 'Yan ƙafafun da ke bayan fuskar ba wuri ɗaya suke ba a injunan NH35 da ETA 2824 da Miyota 8215, ramukan hannuwan ma sun bambanta: hannun daƙiƙa na ETA 2824 raminsa milimita 0.25 ne, na NH35 kuwa wajen 0.20. Buɗe bayan agogon ka san injin da ke ciki kafin ka sayi ko allura. Fuskar da ta fi yawa a kasuwar masu sauye-sauye ita ce mai faɗin milimita 28.5 ta tsarin Seiko, in jikin agogonka na son wadda ta fi haka, za ka ga rata a gefe.

Ga wani abu da ba a cika kula da shi ba. Injunan da ke cikin tsofaffin 5513 suna bugawa sau 18,000 ko 19,800 a awa. NH35 yana yin 21,600, ETA 2824 kuma 28,800. Wato tafiyar hannun daƙiƙa a inji mai arha irin NH35 ta fi kama da ta da.

Hannuwa da fuska a yi su rana ɗaya, da fenti ɗaya, ƙarƙashin haske ɗaya. A tsofaffin agogo ma sukan ɗan bambanta, amma farin hannu a kan fuska ruwan zuma ba ya ɓoyuwa. Idan sayowa za ka yi, sayo su tare daga hannu ɗaya.

Tunda maganar sauya fuska ta zo, bari in faɗi ra'ayina a fili: ɗauki wadda babu tambarin kowa a kanta. Kama da wane ba ta wane. Agogon da ke ɗauke da sunan kamfanin da bai ƙera shi ba jabu ne a idon doka, a ƙasashe irin su Faransa da Suwizalan jami'an kwastan na iya ƙwace shi ko da na amfanin kanka ne, masu gyara da yawa kuma ba sa yarda su taɓa shi. Tsufar da shi yana ƙara masa ikon yaudara. Kai ka san abin da yake, amma agogo yakan fi mai shi daɗewa, wata rana zai faɗa hannun wanda bai sani ba, a sayar wa wani a matsayin na gaske. Fuska marar suna ta raba ka da wannan duka, kamannin da kake nema kuma bai ragu ba.

Jikin agogon fa? Na ga masu zuba shi cikin gwangwani da kusoshi da tsakuwa suna girgizawa. Abin da yake fitowa tabo ne ko'ina daidai wa daida, har wuraren da hannu ba ya kaiwa. Tsufan gaske laushi ne: gefuna masu kaifi sun sulɓe saboda goga da gyaran shekaru, tabon kuma ya fi yawa a ƙahonni da maƙullin sarƙa. Idan za ka yi da hannu, cire inji da gilashi, ka bi gefunan da samfefa mai laushi a hankali, ka tsaya tun kana ganin kamar bai isa ba. Ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Huda ƙahonni kuwa aikin mai injin huda ne na tsaye, ba na hannu ba. In jikin ya yi kauri da yawa, sayen wani jikin mai siffar da, faɗin milimita 39 ko 40, ya fi sauƙi, sai dai a lokacin za ka ga kusan sabon agogo kake haɗawa, inji kawai ka ɗauko daga tsohon. Sarƙa kuwa sauyawa ce kai tsaye: mai rabit a gefe, ko madaurin yadi, yawanci faɗin milimita 20.

To, da ni ne kai, ga yadda zan jera aikin. In fara da madauri da gilashi, in sa agogon sati guda in gani, don mutane da yawa a nan suke tsayawa sun gamsu. In bai isa ba, in koɗar da zoben alminiyam da hannuna. Fuska da hannuwa in sayo su tare, marasa tambari, in ajiye na asali a ƙaramar leda. Jikin in bar shi sai ƙarshe, wataƙila ma in bar wa yau da gobe.

Duk lokacin da aka buɗe agogon, a duba robobin hana ruwa na baya da na maɓallin saita lokaci, a shafa musu man silikon. Mita 200 ko 300 da aka rubuta a fuskar kwaikwayo rubutu ne kawai, babu tabbacin an gwada shi bisa ƙa'idar ISO 6425 da ake auna agogon nutso da ita, ga shi kuma ka sauya masa gilashi. Kai shi wurin mai gyaran da ke da na'urar gwajin matsi. In ba a gwada ba, cire shi kafin ka shiga wanka, balle kogi.