Tsaka mai wutsiyar ganye: phantasticus da fimbriatus

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar tsakar nan mai wutsiya kamar busasshen ganye 'yar babbar ce da ake gani manne da kututturen bishiya, tunda dukkansu daga Madagaska suke. Ba uwa da 'ya ba ne. Danginsu ɗaya da tsakar bangon ɗakunanmu, wato Gekkonidae, kuma dukkansu 'yan rukunin Uroplatus ne, wanda ba a samunsa ko'ina sai a Madagaska da ƙananan tsibiran da ke gefenta, amma kowacce nau'inta daban.

Ƙaramar ita ce Uroplatus phantasticus, wadda masanin dabbobi Boulenger ya ba ta suna a 1888, kuma ko ta gama girma ba ta cika wuce santimita 10 ba har da wutsiya. Babbar kuwa, Uroplatus fimbriatus, tun 1797 wani masani mai suna Schneider ya bayyana ta, kuma takan kai kusan santimita 30.

A ganina girma ba shi ne abin dogaro ba, domin hoto yakan ruɗi ido. Abin dubawa shi ne gefen jiki. Fimbriatus tana da gezar fata da ta bi haɓarta da haƙarƙarinta da ƙafafunta, jikinta kuma shimfiɗaɗɗe ne, ta yadda idan ta kwanta a kan kututture da rana, kanta na kallon ƙasa, gezar takan lafe da ɓawon itacen ta shafe inuwarta, har mutum ya tsaya gabanta bai gan ta ba. Phantasticus ba ta da wannan geza. Jikinta a matse yake ta gefe, tana da ɗan tsini a saman kowane ido kamar ƙaho, kuma wutsiyarta, musamman ta namiji, takan zo da gatsa-gatsa kamar ganyen da ƙwari suka ci, shi ya sa take ɓuya cikin matattun ganyaye a ƙananan rassa.

Dukkansu da dare suke farautar ƙwari, kuma ba su da fatar ido, sai dai su lashe idon da harshe.

Wadda ta fi rikita mutane da phantasticus ita ce Uroplatus ebenaui ta arewacin ƙasar da tsibirin Nosy Be, domin siffarsu kusan ɗaya ce, sai dai wutsiyar ebenaui gajera ce ƙwarai, kamar bakin mashi.