AlphaFold a hannun ɗalibin Gombe: inda yake taimako da inda yake ruɗarwa

Ga mai binciken furotin a Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) Bauchi, da wuya a sami kayan aiki na kyauta da ya kai AlphaFold. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta kamfanin DeepMind mai hasashen siffar furotin daga jerin amino asid ɗinsa, kuma ita ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga lambar Nobel a 2024. Rumbunta yana ɗauke da siffofi sama da miliyan 200.

Amfani da shi ba wuya. Ka nemo lambar furotin a UniProt, ma'ajiyar bayanan furotin ta intanet, ka saka a akwatin bincike na rumbun AlphaFold, ka sauke fayil ɗin PDB mai ɗauke da siffar, ka buɗe da manhajar kallon siffar furotin, ChimeraX ko PyMOL. Data kaɗan yake ci. Amma ka kula da launi, don shi ne makin pLDDT, wato ma'aunin tabbacin manhajar kan kowane sashe na siffar: shuɗi mai duhu ya haura 90, abin dogaro ne, ruwan lemo ƙasa da 50 ne, sau da yawa sashen ba shi da tsayayyar siffa tun asali.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne dafin kububuwa, macijin da ya addabi manoman Kaltungo. Furotin ɗin dafin da ke haddasa zubar jini ba sa aiki sai da zinki, shi kuwa rumbun ba ya saka zinki a siffofinsa. Sai ɗalibi ya ɗora sinadarin wani ganye a kan ramin furotin da zinkin ke zama, wanda babu komai cikinsa, da AutoDock Vina, manhajar gwada yadda sinadari zai manne wa furotin, ya sami lambobi masu kyau, ya rubuta cewa ya gano magani. Wannan abin takaici ne, don rayukan mutane ake magana. Gyaran shi ne ka nemo ɗan'uwan furotin ɗin da aka auna siffarsa a ɗakin gwaji, ka daidaita su biyun, ka kwaso mazaunin zinkin. Ka kuma yanke sashen farko da ke toshe ramin kafin furotin ya fara aiki, domin jerin UniProt yakan zo da shi.

Masu nazarin sikila su ma su yi hattara. Amino asid ɗaya ne ya sauya a gurbi na 6 na sarƙar beta ta haemoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, kuma AlphaFold zai nuna maka siffar mai sikila da ta lafiyayye kusan iri ɗaya. Ba a gina shi don irin wannan tambayar ba.